Karatu a Ƙetare: Aike Ne ko Gudu?

Kowace shekara, da zarar an bayyana sakamakon jarrabawar bak a tsakiyar damina, magana ɗaya ce ke shiga gidajen ƴan kasuwa da na ma'aikatan gwamnati, daga Yamai har Damagaram: ina za a kai yaron nan? Ba a cika tambayar abin da zai karanta ba, ƙasar da zai tafi ake tambaya. Wani ya ce Maroko, wani ya ce Tunisiya ko Aljeriya, wani ya ce Dakar, wani Kwatano ko Lome. Mai ƙarfin aljihu ya hango Turkiyya, Kanada ko Faransa, mai son ilimin addini kuma ya nufi Azhar ko Madina. Jami'o'inmu na gida kuwa, waɗanda aka gina da harajin waɗannan iyayen, sai a ƙarshen zance ake ambatonsu, in dabara ta ƙare.

Ba mu ganin laifin ɗalibin da ya ƙetare iyaka don neman ilimi, ba mu kuma ganin laifin uban da ya sayar da fili don ya tura shi. Abin da muke so jama'a da magabata su duba da idon basira shi ne bambancin da ke tsakanin ɗan aike da mai gudu. Ɗan aike an san wanda ya aike shi, an san abin da aka ce ya samo, ana kuma jiran komowarsa. Mai gudu kuwa abin da ke bayansa ne ke tura shi, kuma wanda ya gudu daga gida ba ya gaggawar komawa. Ra'ayinmu shi ne, da yawa daga cikin ƴaƴanmu da ke fita a yau gudu suke yi, kuma mu da kanmu muka kore su.

Lokacin da ake aike

Tafiya neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Hausawa sun daɗe da cewa tafiya mabuɗin ilimi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a shekarar 1754, sai da ya taka har Agadas ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. A zamanin mulkin mallaka, yaron da ya yi fice a lakwal ba ya da inda zai ƙara karatu mai zurfi sai ƙasar Senegal, a makarantar William Ponty. Can ne Bubu Hama da Diori Hamani da Jibo Bakari suka samo ilimin da suka dawo da shi, suka koyar da yara, daga baya suka riƙe siyasar ƙasa. Ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Duk likita, duk injiniya, duk alƙali na farkon jamhuriya, a waje ya yi karatu: Dakar, Abijan, Faransa, daga baya Tarayyar Sobiyat da Aljeriya da sauransu.

Sai dai tafiyar wancan zamani tana da mai ita. Hukuma ce ke zaɓen ɗalibi, ita ke ɗaukar nauyinsa, ta san sunansa da garin da yake da abin da yake karantawa, in ya gama kuma aiki na jiransa, domin ƙasa na ƙishirwar ma'aikata. Wanda yake son ya ga cikakken ɗan aike, sai ya dubi rayuwar Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda aka haifa a 1929. Ya yi karatu a Senegal da Faransa, ya ƙware a ilimin fizik, ya ƙara sani a Tarayyar Sobiyat, ya yi aiki a Mali, sa'an nan a 1969 ya komo gida ya riƙe ma'aikatar binciken makamashin hasken rana. A 1979 ya zama shugaban jami'ar Yamai. Tun a 1964 ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya nuna cewa makarantar da Turawa suka bar mana ba don buƙatunmu aka tsara ta ba. Ya je ƙasashen sanyi, ya komo ya duƙufa a kan rana, dukiyar da Allah ya hore wa ƙasarsa fiye da kowa. Bayan rasuwarsa a 1991 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, kuma sunan ya dace.

Yadda aike ya koma gudu

An aza harsashin jami'ar Yamai a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, a daidai lokacin da uraniyum na Arlit ya fara shigo da kuɗi. Niyyar a fili take: a daina tura yaro waje don karatun da ana iya ba shi a gida, a bar tafiya ga masu neman ƙwarewa ta musamman. Amma da farashin uraniyum ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya bushe, manyan bankunan duniya suka shigo da sharuɗɗansu na tsuke bakin aljihu. Ilimi mai zurfi na cikin abubuwan da aka fara yanka wa wuƙa. Aka rage tallafin karatu, aka daina ɗaukar duk wanda ya gama jami'a aikin gwamnati kai tsaye. Kowa ya san inda wannan ya kai mu: ranar 9 ga Fabrairun 1990, a kan gadar Kennedy, aka harbe ɗalibai uku cikin masu zanga-zanga. Jininsu na cikin abin da ya buɗe hanyar Taron Ƙasa na 1991 da siyasar jam'iyyu da yawa. Ƴan siyasa sun ci moriyar wannan rana, amma jami'ar da yaran suka fito daga cikinta ba ta ci ba.

Shekarun 1990 sun wuce cikin yajin aiki, da bashin albashi, da shekarun karatu da aka soke ɗungurungum, waɗanda ake kira fararen shekaru. A nan ne iyaye suka koyi wani darasi da har yau ba su manta ba, wato a jami'ar gida an san ranar shiga, amma ba a san ranar fita ba. A Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 ta koma sefa 100. Cikin dare ɗaya kuɗin riƙe ɗalibi a Turai ya ninka. Wannan bai tsayar da tafiya ba, alƙibla kawai ya sauya mata: waɗanda Faransa ta fi ƙarfinsu suka juya zuwa ƙasashen Larabawan arewacin Afirka da biranen gaɓar teku.

Ba za a ce gwamnatocin da suka biyo baya ba su yi komi ba. A 2010 an kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Abin a yaba ne, domin ɗan Mirriya ko ɗan Madawa ba sai ya je Yamai ba kafin ya ga ƙofar jami'a. To amma sa hannu a takardar kafa jami'a abu ne mai sauƙi. Samar mata da malamai, da ɗakunan karatu, da ɗakunan gwaji, da wurin kwanan ɗalibai, shi ne aikin. Ƙasar da ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 a cikinta, yau ta haura miliyan 25, kuma kusan rabin jama'arta yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kowace shekara masu samun bak ƙaruwa suke, gine-gine da malamai kuwa suna tafiyar hawainiya. Sai shekarun karatu suka riƙa hawa kan juna, ƴan sabuwar shekara su iso alhali na bara ba su yi jarrabawa ba, karatun lisansi na shekara uku ya ci huɗu ko biyar. A watan Afrilun 2017 an sake rasa ran ɗalibi a Yamai a cikin zanga-zangar neman gyaran yanayin karatu. A 2018 da 2019 kuma taƙaddama tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'a, a kan ko zaɓen shugabannin jami'o'i za a yi ko naɗa su, ta cinye watanni na karatu.

Saboda haka in ka tambayi uban da ya kai ɗansa wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a wani birnin gaɓar teku, ba zai ce maka malaman can sun fi na Yamai ilimi ba. Sau da yawa ma ba su kai su ba. Abin da zai ce maka shi ne, can in an ce shekara uku, shekara uku ce. Kenan lokaci yake saye da kuɗinsa. Wannan shi ne abin kunyar: muna fitar da dukiya waje don sayen abin da ba ya buƙatar injin ko fasaha, sai dai tsari da cika alkawari.

Lissafin da ba a cika yi ba

Ya kamata ƴan kasuwa, waɗanda lissafi ne sana'arsu, su zauna su yi wannan lissafin. Mu ɗauki Faransa misali, tun da alƙalumanta a bayyane suke. A shekarar 2019 ta tsayar wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba kuɗin rajista na yuro 2,770 a shekara don lisansi, da yuro 3,770 don mastar. Jami'o'i da yawa sun yafe wa baƙi wannan ƙarin, amma doka ta ba da damar karɓarsa. Da yake yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, lisansi ya kama miliyan 1 da jikka 817, mastar kuma ya kusa miliyan 2 da rabi, tun ba a ci ba, ba a sha ba. Sharaɗin biza da ake aiki da shi a lokacin kuma shi ne ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 a kowane wata, wato sama da jikka 400. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a ƙasar nan a 2024 jikka 42 ne. Guzurin ɗalibi ɗaya na wata guda ya kusa albashin leburori goma.

Sauran ƙasashe sun fi sauƙi, amma ko'ina sai an biya haya, da abinci, da kuɗin jirgi ko na mota, da takardun zama. Ɗan kasuwa daga jarinsa yake gutsura, kuɗin da zai juya sau uku ko huɗu a shekara su tafi ba su komo ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa bashin banki yake ci, ya jingina albashinsa na shekaru, ko ya sayar da filin da ya tanada don ranar ritaya. Akwai gidajen da aka tura ɗa ɗaya waje, sauran ƙannensa suka ji a jikinsu, kuma mun san galibi ƴaƴa mata ne ake cewa su haƙura. In an haɗa abin da iyaye ke fitarwa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai kowace shekara, da a gida ya zauna, da ya gina ɗakunan karatu ya kuma biya malamai masu yawa.

Akwai wata hasara kuma da ta fi ta kuɗi muni, ita ce ta siyasa. Waɗanda ke da murya a ƙasa, wato manyan ma'aikata da manyan ƴan kasuwa da masu riƙe da madafun iko na kowane zamani, farar hula ne ko soja, su ne suka fi kowa iya fitar da ƴaƴansu. Wanda ɗansa ke karatu a Rabat ko Montreal, in an rufe jami'ar Yamai wata uku, labari ne kawai yake ji a rediyo. Wanda ya rage a cikin ɗakin da ya cika ya batse shi ne ɗan manomi, da ɗan makiyayi, da ɗan ƙaramin ma'aikaci, waɗanda iyayensu ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Rijiyar da mai gari ba ya shan ruwanta ba ta samun mai yasa. Muddin masu yanke shawara suna da hanyar tsira ta kansu, gyaran jami'a zai ci gaba da zama alkawarin ranar buɗe taro.

Ƙofar da makullinta ke hannun wani

Ƴan shekarun nan sun koya mana cewa wanda ya dogara da makarantar wani, ya dogara da siyasar wani da zaman lafiyar wani. A Fabrairun 2022, da yaƙi ya ɓarke a Ukraine, duniya ta ga ɗaliban Afirka, da yawansu masu karatun likita, suna tafiya a ƙasa cikin sanyi zuwa iyakar Poland, wasu ana ture su baya saboda launin fatarsu. A Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Khartoum, birnin da ya daɗe yana karɓar ɗaliban Afirka ta Yamma masu karatu da Larabci. Wasu sun kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a bar su su wuce, karatun shekaru ya tsaya cak.

Namu ya zo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Da dangantaka ta lalace, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, kamar yadda ta yi a Bamako da Wagadugu, a farkon 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta. Ɗaliban da suka riga suka samu gurbi, wasu har sun biya kuɗi, suka wayi gari ba gaba ba baya. A lokaci guda takunkumin ƙungiyar CEDEAO, wanda aka aza a ƙarshen Yulin 2023 aka ɗage a Fabrairun 2024, ya rufe iyakoki ya kuma dagula aika kuɗi, iyaye suka rasa yadda za su yi da ƴaƴansu da ke ƙasashen maƙwabta. Kowa na da ra'ayinsa a kan wanda ya jawo wannan rikici. Amma ɗalibin da ya yi hasarar shekara bai kifar da gwamnati ba, bai kuma aza takunkumi ba. In giwaye na faɗa, ciyawa ke shan wuya.

Ga kuma dillalai. Kasuwar tura ɗalibai waje ta haifi mutane masu ofishi da hotuna masu ƙyalli, suna alkawarin gurbi da biza da aiki, alhali abin da ya dame su shi ne ladansu. Yaro ya isa ya tarar da jami'ar da aka kwatanta masa hawa biyu ce a cikin gidan haya. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Najeriya ya nuna wa duniya yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya zauna aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo gaba ɗaya, masu gaskiya suka sha hukunci tare da masu ƙarya. Wannan gargaɗi ne gare mu, domin ƴaƴanmu ma na zuwa waɗannan birane. Abin takaici shi ne muna da ma'auni ba mu amfani da shi. Hukumar CAMES, wadda ke tantance takardun ilimi mai zurfi na ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, a nan Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968. Iyaye nawa ne ke tambaya ko ta amince da takardar da ɗansu zai samo, kafin su zuba kuɗi?

Ranar komowa

A ce yaro ya tsira daga duk wannan, ya gama lafiya, ya komo da takarda ta gaskiya. Me yake tararwa? Zai yi ta zarya tsakanin ofisoshi don a daidaita masa takardarsa da ta gida. Zai nemi gurbin bautar ƙasa, ya gama, ya zauna jiran jarrabawar ɗaukar ma'aikata da ba a san ranar buɗe ta ba. Zai ga wanda bai kai shi ba ya samu kujera saboda wa ka sani. Bayan shekara biyu ko uku yana zaman kashe wando a gidan uban da ya ci bashi dominsa, sai ya sake ɗaukar jaka. Waɗanda ke waje kuma suna jin labarinsa, su ɗauki darasi. Kafin mu zarge su da rashin kishin ƙasa, mu tambayi kanmu wace ƙofa muka buɗe musu suka ƙi shiga.

Ta haka muke biya sau biyu. Mun ɗauki nauyin yaro tun daga firamare har ya samu bak, a makarantar gwamnati, da kuɗin talaka. Wata ƙasa ta karɓe shi a lokacin da ya fara nuna, ya zama likita a asibitinta. Sa'an nan mu sake fitar da kuɗi mu kai marar lafiyarmu Tunis ko Kazablanka ko Istambul, mai yiwuwa ma ya faɗa hannun ɗan ƙasarmu. Ana cewa ai waɗanda ke waje suna aiko da kuɗi, kuma gaskiya ne, gidaje da yawa da su suke rufin asiri. Amma kuɗin da aka aiko ba ya yi wa mace mai naƙuda tiyata a Dakoro ko Gure, ba ya kuma tsayawa gaban allo ya koyar da ɗalibai.

Yau ba maganar da ta fi yawa a bakin magabata irin ta ƴancin ƙasa da mallakar arzikinta. Matatar mai ta Damagaram tana aiki tun 2011. Bututun da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya fara kai mai a 2024. A 2025 gwamnati ta mayar da kamfanin uraniyum na SOMAIR hannun ƙasa. To, wa zai riƙe waɗannan? Takardar doka tana iya mayar da kamfani namu cikin yini ɗaya, amma injiniyan da zai tafiyar da shi, da masanin ƙasa, da lauyan da zai karanta yarjejeniyar sayar da mai ya gane tarkon da ke ciki, shekaru ake yi ana renonsu. A nan ne tafiya waje ke da cikakkiyar hujja. Akwai fannonin da ba mu da kayan koyar da su, kuma ba abin kunya ba ne mu je inda suke. Ƙasar Sin da Koriya ta Kudu sun tura dubban ƴaƴansu Amurka da Turai, amma sun san abin da suka aike su nema, sun kuma gina masana'antu da jami'o'in da suka jawo da yawa daga cikinsu gida.

Kada kuma wani ya ce ƙasarmu ba ta iya riƙe makarantar da za a yi sha'awa. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda tun 1974 take horar da masana yanayi da ruwa da noma na ƙasashen Sahel. Akwai makarantar EAMAC, inda ƴan ƙasashen Afirka da yawa ke zuwa koyon kula da zirga-zirgar jiragen sama da hasashen yanayi. Jami'ar Musulunci ta Sayi tana karɓar ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam tun shekarun 1980. A Maraɗi ma, ƴan Najeriya na ƙetaro iyaka su yi karatu a jami'a mai zaman kanta, suna gudun yajin aikin jami'o'insu kamar yadda namu ke gudun namu. Rana ɗaya ce ke dukan waɗannan makarantu da sauran, ƙura ɗaya suke sha. Abin da ya bambanta su shi ne ana buɗewa a kan lokaci, a rufe a kan lokaci.

Abin da muke kira a yi

Gyara na farko ba ya buƙatar taimakon wata ƙasa: a tsayar da kalandar jami'a. Gwamnati ta biya tallafin ɗalibai da haƙƙoƙin malamai a kan kari, ta daina jira sai an fito kan titi kafin ta tuna da alkawari. Ƙungiyar ɗalibai ta USN da ta malamai ta SNECS su ma suna da nasu kason. Tarihin gwagwarmayarsu abin girmamawa ne, amma su sani duk watan da aka rufe aji, ɗan mai hali jirgi yake hawa, ɗan talaka ne ke tsufa a kan benci. A zauna a yi yarjejeniya ta shekaru, wadda kowane ɓangare zai sa hannu a gaban jama'a, a kuma riƙa bayyana wanda ya saɓa.

Na biyu, hukuma ta san ƴaƴanta. Kowane ofishin jakadancinmu ya riƙe rajistar ɗaliban da ke ƙasar da yake, na gwamnati da masu biya da kansu, don ranar tashin hankali a san wanda za a nema, ranar ɗaukar aiki kuma a san wanda ake da shi. Guraben karatun da ƙasashe abokai ke ba mu, hukumar ANAB ta riƙa buga sunayen waɗanda suka samu tare da makinsu, a manna a kowace jiha, domin ɗan malamin makaranta na Tanut ya tabbata cancanta ce ta raba, ba sunan uba ba. A karkata guraben zuwa fannonin da muke da ƙarancinsu, kuma duk wanda ƙasa ta ɗauki nauyinsa ya sa hannu zai komo ya yi aiki na wasu shekaru. Amma alkawari kafa biyu gare shi: ita ma hukuma ta ɗaure kanta da ba shi aikin cikin ƙayyadadden lokaci. Ma'aikatar ilimi mai zurfi kuma ta riƙa fitar da jerin makarantun waje da take amincewa da takardunsu, kafin lokacin rajista, a karanta a gidajen rediyo da harsunan ƙasa. Waɗanda suka riga suka kafu a waje, a sauƙaƙa musu zuwa su koyar na wata ɗaya ko biyu a shekara. Da yawansu gayyata kawai suke jira.

Ga ƴan kasuwarmu kuma, Alhazan Maraɗi da na Damagaram da na Tawa, waɗanda suka gina masallatai da rijiyoyi ba tare da an roƙe su ba: ɗakin karatu a jami'ar garinku, ko ɗakin gwaji, ko gidan kwanan ɗalibai mata, shi ma sadaka ce mai gudana. Kuɗin da ɗayanku ke kashewa a kan ɗa guda a waje zai iya riƙe yara da yawa a gida. Ga iyaye baki ɗaya, kafin ku sayar da gona ku tambayi abu uku: karatun nan babu shi a gida? Takardar nan an san ta? In ya komo, ina za ta kai shi? In amsar ba ta gamsar ba, kun sayi nisa ne kawai.

Ba mu neman a rufe wa kowa hanya. Ƙasar da ba ta da teku, wadda arzikinta tun kaka da kakanni a kan fatauci yake, ba ta da dalilin tsoron tafiya. Abin da muke nema shi ne ranar da ɗan Nijar zai zaɓi fita don akwai abin da zai samo, ba don gida ya gagare shi ba, kuma ranar da zai komo ya tarar an share masa wuri. Alhakin kawo wannan rana yana wuyan waɗanda ke mulki, da waɗanda ke koyarwa, da mu iyaye da muka daɗe muna neman mafita ɗaya ɗaya, muka bar ta kowa da kowa. Allah ya ba magabatanmu kunnen ji.